Gyaran da ya rage a na'urar marigayi

Shekaru sun ja, amma akwai wani mako a Arlit da ba zai fita raina ba har in koma ga Allah.

Lokacin tawayen Buzaye na biyu ne. Ina aiki a wani ƙaramin labo mai auna ruwan rijiyoyi. Mu biyu ke kula da manhajar da ke lissafa sakamakon awo, ni da wani Buzu mutumin Dannet, wanda nake kira Yaya. A Git muke ajiye aikinmu, wato rumbun da ke riƙe tarihin kowane canji. Ɓangaren lissafi rumbunsa daban ne, shi muke kira sumodil. Babban rumbu lamba kawai yake riƙewa, mai nuna wane zubin sumodil za a ɗauko.

Wata Talata Yaya ya tafi ɗebo ruwan awo, motarsu ta taka nakiya. Ba wanda ya fita.

Bayan sadakar uku na koma labo. Shef, wato shugaban labo, ya ce makiyaya na jiran sakamakon rijiyoyi biyu na Dannet. Na sauke aiki daga babbar na'urar labo, sai sumodil ya ƙi. Wai lambar da ake nema babu ita. Na goge, na sake saukewa, na duba adireshin rumbu, duk daidai. Sai bayan azahar na gane. Yaya ya yi canji a sumodil cikin na'urarsa, ya tura lambar canjin, amma canjin kansa bai tura ba.

A nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na mayar da lambar kan tsohon zubi. Nan take kuskure ya ɓace, takarda ta fito, duka rijiyoyin lafiya lau. Na ɗauki alƙalami zan sa hannu, sai zuciyata ta ce in duba me Yaya ya canza. Na buɗe tarihi, ga rubutunsa na ƙarshe: "Tsohon lissafi yana rage adadi. Na gyara. Kada a fitar da sakamako da shi."

Na nuna wa shef.

Ya ce, "To ina gyaran?"

"Yana na'urarsa, a gida."

"Matarsa fa takaba take."

"Na sani, shef."

Haka na tafi gidan, wajen matarsa. Daga bayan labule ta amsa gaisuwata. Na yi mata ya haƙuri, sannan na yi ta kame-kame kafin in faɗi abin da ya kawo ni.

Ta ce, "Malam, kwana huɗu ke nan. Har kun zo karɓar kaya?"

Na ce ba kaya ba ne, aiki ne ya bari, kuma ruwan shan mutane ya rataya a kai. Ta tambayi rijiyoyin, na faɗa mata. 

"A ta biyun mahaifiyarsa ke ɗiban ruwa," in ji ta.

Ta turo na'urar ta ƙarƙashin labule, ta faɗa mini kalmar sirri. A kan tabarmar zaure na buɗe. Canjin na nan, layi bakwai kacal. Na kwafe a kile, ɗan abin ɗaukar bayanai da ake soka wa na'ura, na mayar mata da na'urar.

Da na tura shi rumbu, lamba ta samu abin da take nema. Sabon lissafi ya nuna ruwan rijiya ta biyu bai shawuwa. Washegari aka aika wa mai gari, aka rufe bakin rijiyar.

Tun daga ranar ban ƙara murna don saƙon kuskure ya ɓace ba. Sai na san abin da yake ƙoƙarin gaya mini. Kuma ba na tashi daga kujera da aiki a na'urata ni kaɗai, domin babu wanda aka yi wa alkawarin dawowa ya tura.