Ɗakin Alhaji Usmanu da Lasisin da Ban Samu Ba

Ban taɓa mantawa da ranar da Madam Lin ta tsaya a ƙofar ofishinta ta hana ni shiga ba. Sai dai in faɗa tun farko, shekaru sun ja, wasu abubuwan sun cakuɗe a kaina. Ko watan ma ba ni da tabbas a kansa. Shekarar dai 2008 ce, gab da wasannin Olympics. Inda nake shakka zan ce ina shakka.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin tura kaya a Guangzhou, kusa da kasuwar Canaan. Na gama jami'a a gida, amma aikina bai wuce rubuta suna a jikin kwali da bin kwantena zuwa tashar jiragen ruwa ta Nansha ba. Na lura duk ɗan kasuwar da ya shigo ofishinmu, kafin ya yi maganar kaya sai ya yi maganar wurin kwana. Otal ya yi tsada, masu gidaje kuwa da sun gan mu sai su ce "meyo", wato babu. Sai na ga kamar akwai sana'a a nan wadda za ta raba ni da kwali.

Na yi rajista da wata makaranta ta ƙasar waje mai koyar da dillancin gidaje ta intanet. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, mataki uku ne. Na farko darussa: dokar haya, rubuta yarjejeniya, haƙƙin mai gida da na ɗan haya. Na biyu jarrabawa. Na uku aikin gwaji: ka haɗa haya ɗaya a ƙarƙashin dillali mai lasisi, hayar ta zauna lafiya na wasu watanni, sannan shi dillalin ya shaida wa makarantar. Akwai wa'adi. In ya wuce babu shaida, sai dai ka koma farko. Na sha tambayarsu ko lasisin zai yi aiki a China, kullum amsar ita ce ya danganta. Duk da haka na ci gaba, domin ba ni da wata ƙofar.

Darussan a gidan intanet na yi su, cikin hayaƙin sigari da ihun masu wasan kwamfuta. Na ci jarrabawa. Saura mataki na uku.

Madam Lin dillaliya ce mai ƙaramin ofis a unguwarmu. Ta yarda ta tsaya mini saboda ina ɗan jin yarensu kuma ina da mutane. Sharaɗinta ɗaya: duk wanda zai kwana a gidan da zan haɗa hayarsa, sunansa yana wurin 'yan sanda. Doka ce a can, baƙo ya sauka dole a yi masa rajista a ofishin 'yan sandan unguwa, da yardar mai gida. A shekarar an tsananta ta ƙwarai.

Na daɗe ina zaɓen ɗan haya kafin na tsaya a kan Alhaji Usmanu, wani dattijo daga Maraɗi mai sayen yadi da takalma. Ba ya hayaniya, ba ya yawo, daga kasuwa sai masallaci. Ranar sa hannu na karanta masa sharaɗin cewa mutum ɗaya ne kawai zai kwana a ɗakin, na fassara, na sake maimaitawa.

Ya yi dariya ya ce, "Malam Bashir, ka faɗa na ji. Ko tasha kake tsammani zan buɗe?"

Na ce, "A'a, Alhaji, don dai a fita haƙƙi ne."

Ya ce, "Wannan karatun naka zai sa ka furfura kafin ni."

Makonnin farko lafiya lau. Sai biza ta fara wuya, ƙananan otal-otal da mutanenmu ke sauka suka fara cewa sun cika. Wata rana bayan azahar na biya ta gidan don in duba famfon da ya ce yana yoyo. Na tsaya a bakin ƙofa. Takalma ne jere, ba na mutum ɗaya ba, ba na biyu ba. A ciki mutane na zaune a kan tabarma sun kewaye tire guda na shinkafa. Suka ce bismillah.

Na ja Alhaji gefe na ce, "Alhaji, waɗannan fa?"

Ya ce, "'Yan garinmu ne. Wancan ɗan maƙwabcina ne, wancan ubansa ne ya fara ba ni jari. Suna gama saye za su tafi."

Na ce, "Amma yarjejeniyar..."

Ya ce, "Yarjejeniya ta ce in bar su a titi? In koma Maraɗi in ce wa iyayensu me? Takarda ta hana?" Sai ya sassauta murya. "Kai ranar da ka sauka a filin jirgin Baiyun da jakarka, a ina ka kwana?"

Ya san amsar. A ƙasan ɗakin wani mutumin zango daga Ghana na kwana, wanda bai taɓa ganina ba, bai kuma tambaye ni sunan ubana ba.

Na ce to a je a yi musu rajista. Suka ƙi. Wasunsu bizarsu ta kusa ƙarewa, suna tsoron shiga ofishin 'yan sanda da ƙafarsu. Ɗaya ya ce, "Mai lasisi, zauna ka ci abinci, China ba za ta rushe yau ba." Aka yi dariya.

Darasin da na karanta a fili yake: in ɗan haya ya saɓa sharaɗi, ka sanar da wanda kake ƙarƙashinsa nan take, kada ka ɓoye. Na yi ta juya abin a raina har la'asar. Na yi tunanin Madam Lin za ta san hanyar gyarawa a hankali, ta samo musu wani wuri ko ta lallashi mai gidan. Na je na faɗa mata.

Nan take ta ɗauki waya ta kira mai gidan. Washegari da hantsi 'yan sanda suka je. Abin da aka faɗa mini shi ne mai gidan ne ya tsorata ya kai kansa, don kada a riga shi. An tafi da su duka. Yawancinsu an sake su, amma biyu, wasu sun ce uku, an ba su ɗan lokaci su bar ƙasar, kayansu rabi a shago rabi a sito. Aka karɓe ɗakin.

Da na koma wurin Madam Lin, a ƙofa ta tare ni. Na tuna mata cewa ni na kawo rahoton da kaina, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Na roƙe ta ko dai ta shaida abin da ya faru, ko ta ba ni wata hayar in sake gwadawa kafin wa'adi. Ta ce mai gidan ya gaya wa duk masu gidajen layin, ta yi asarar su saboda ni. Ta ce ni mutumin kirki ne. Sai ta ce, "Meyo," ta rufe ƙofa.

Na nemi wani dillalin, babu wanda ya saurare ni a wannan lokacin. Wa'adi ya wuce. Na koma kwali.

Ranar Juma'a na haɗu da Alhaji Usmanu a masallaci. Ya miƙo mini hannu, bai kalli fuskata ba. Ya ce, "Allah ya ba da lasisi, Malam Bashir." Tun daga nan bai sake yi mini magana ba, kuma mutanen Maraɗi suka ɗauke kayansu daga kamfaninmu.

Ku da kuke shigowa wannan aikin yanzu, ba ni da wata dabara da zan ba ku. Abin da na gani kawai shi ne, a wurinmu ba a ƙirga baƙo, a wurinsu kuwa baƙon da ba a ƙirga ba laifi ne. Dillali a tsakani yake, kuma babu darasin da ya gaya mini abin yi ranar da kowane ɓangare ke da gaskiyarsa.

In akwai wanda yake ɗakin nan ko layin nan a lokacin, don Allah ya aiko mini da gyara, ko da bai yi mini daɗi ba. Musamman abu ɗaya. Wani ya taɓa ce mini maƙwabta ne suka kira 'yan sanda tun kafin in buɗe baki. Ban samu wanda ya tabbatar ba. In kun sani, ko e ko a'a, ku faɗa mini.