Bindigar da Ta Ɓace a Fayyum

Shekara uku muka yi gida ɗaya da Baba Hassumi a unguwar Faisal ta Alƙahira, ni a hawa na huɗu, shi a wani ɗan ɗaki kan rufi kusa da tankunan ruwa, amma ƙarya nake in na ce na san shi. Mutumin Tawa ne, tsohon soja, dogo siriri, faratansa kullum da fenti. A 2011 ya kawo matarsa Balki neman magani Alƙahira, rai ya yi halinsa, aka binne ta a nan. Ya ƙi komawa gida, wai ba zai bar ta cikin mutanen da ba ta jin harshensu ba. Mu ɗalibai sai mu gaishe shi a matakala mu wuce. Ni lokacin rubutun digiri na biyu ya sha mini kai.

Yana aiki a wani shagon kayan farauta a Muhandisin. Tun yana soja shi ke yi wa motoci da bindigogi fentin ɓad-da-kama, wannan dabbare-dabbaren da ke sa abu ya saje da ƙasa da ciyawa. Mai shagon, Ustaz Ishaq, ya ba shi lungu a baya yana yi wa bindigogin harbin tsuntsu irin wannan fenti, don abin ya shiga yayi.

Sai dai masu saye ba maharba ba ne. 'Ya'yan masu hali ne, masu rataye bindiga a bangon falo su ɗauki hoto. Wannan shuɗi yake so, wancan ja da baƙi, kuma dole a shafe da mai ƙyalli har ka ga fuskarka. Shi kuwa tsoho ba ya taɓa buroshi sai ya tambaya ina za a kai ta. Har cewa yake a kawo masa ƙasar wurin da busasshiyar ciyawa ya gani. Samarin su yi ta dariya, wasu su ji haushi. Sau biyu Ustaz Ishaq yana ja masa kunne, ya ce ƙorafi ɗaya ya rage, khalas, shi ke nan.

Ya taɓa faɗa mini a mikrobas, ƙaramar motar haya, cewa abin da aka yi don kada ido ya gani, sun mayar da shi abin kiran ido. Na ce Baba, in kiɗa ya canza ai rawa ma sai ta canza, ya lallaɓa aikinsa. Na san shagon nan ne kaɗai wurin da ake kiran sunansa kullum, in ya rasa shi sai zaman rufi. Ya ce ya sani. Sai ya juya yana kallon titi har muka sauka.

Da sanyin 2014 wani likita ya shigo, maharbin agwagwa na gaske, mai zuwa tafkin Fayyum. Tambayar tsoho ta ba shi dariya, amma bayan mako ya dawo da leda cike da laka da karan bakin ruwa. Abin nema ya samu. Kwana tara Baba Hassumi ya yi a kan bindiga ɗaya, yana fita da ita rana ya duba, ya dawo ya sake. Da ya gama, ba ta da kyan gani ko kaɗan, kamar icen da ya kwana cikin kwata. Likita ya yamutsa fuska ya karɓa.

Ran Asabar likita ya ajiye ta cikin kara ya bi agwagwar da ya harbo. Da ya dawo, sama ko ƙasa. Shi da abokan farautarsa, su huɗu suka yi ta nema har magariba, ba su gan ta ba. Washegari ya zo shago yana zuba ruwan bala'i, wai bindigar gado ce, ta mahaifinsa. Ustaz Ishaq ya ba shi haƙuri, ya juya ya ce wa tsoho ma'alish, wato sai haƙuri, ya tattara buroshinsa.

Duk wannan a bakin ƙofata na ji shi, da la'asar ɗin ranar. Ban taɓa ganin ya ƙwanƙwasa wa kowa ba. Ga shi cikin rigarsa ta Juma'a, da farantin basbusa, wani kek mai zaƙi, a hannu. Ni kuma na makara wurin malamin da ke duba rubutuna, ina ɗaure takalmi yana ba ni labari. Kunnena ya tsaya kan korar kawai. Na ce innalillahi, Allah ya musanya masa da mafi alheri, na ƙara da cewa zan tambaya masa gadi wajen wani ɗan kasuwa a Ataba.

Ya tsaya yana kallona.

"Malam Ukasha, mutum huɗu fa," in ji shi. "Da rana tsaka. Likita ya ce ta yiwu ma sun tattaka ta."

Na ce kai, abu bai yi daɗi ba.

Ya miƙo mini farantin, ya ce in raba wa 'yan ɗakinmu, ya kama matakala a hankali ya hau.

Sai da mikrobas ya kai Giza abin ya faɗo mini. Mutum ya yi aikin da ya fi kowane aiki nasa kyau, ya duba duk faɗin Alƙahira ya rasa wanda zai faɗa wa da Hausa sai ni. Kunya ta kama ni, har yau ba ta sake ni ba. Barka ya zo karɓa, na yi masa jaje.