Bangon da Aka Huda

A gidanmu na Pantami wuta biyu ce, kuma ba sa zama tare. Idan ta lantarki tana nan, muna falo gaban talabijin, ko Dada za ta kira mu har muryarta ta dishe ba mai amsawa. Da zarar an ɗauke, sai ka gan mu muna sulalowa tsakar gida, mu kewaye murhun da take gasa mana masara bayan isha'i. Ba ta taɓa barin abin ya wuce salin-alin ba.

"Akwatin naku ya mutu ke nan, an tuna da tsohuwa," haka take tarbar mu.

Dada kakarmu ce ta wajen uba, Bafulatana daga wajejen Dukku, kuma har ta koma ga Allah Hausa ba ta zauna daidai a bakinta ba. Namiji da mace duk ɗaya ne a wurinta. Za ta ce "Babanku ta dawo," ta ce "Ma'u ya yi barci." Ko buɗe tatsuniya ba ta yi irin na kowa. "Ga shi nan, ga ta nan," take cewa, mu kuwa mu amsa da duk abin da ya zo bakinmu. Ni da ƙanwata Asma'u, wadda muke kira Ma'u, mun sha dariyar wannan har mu ƙware da masara. Ni Dada tana kirana Maigida mai ɓarna, domin tun ina firamare babu rediyo ko tocila da ta tsira daga sukundirebana. Ma'u kuwa ba ta ɓata komai, ita dai a kalle ta. Mayafin Umma take yafawa ta tsaya gaban madubi tana karanta labarai.

Akwai tatsuniya ɗaya da Dada ba ta yi mana da dariya. Kafin ta fara sai ta janye itace ɗaya daga murhu, wutar ta kwanta, fuskarta ta koma rabi a duhu. Ina tsoron wannan tatsuniya, kuma ita nake fara roƙo.

Wai a wata shekarar yunwa wani baƙo ya sauka a bakin gari, ya gina ɗaki babu taga. Ya aika cikin gari cewa duk yaron da ya yarda ya zauna a ciki zai ci tuwo da nama, ya sha nono, ba tare da ya ɗaga ko tsinke ba. Sharaɗinsa guda ne: a huda bangon ko'ina, don mutanen gari su riƙa leƙawa.

"Sai yaro ya ɗauki ƙarfe," in ji Dada, "ta huda nan, ya huda can, har bango ya zama rariya. Sai ta shiga, ya zauna, aka rufe."

Da farko mutane cin abincin kawai suke kallo, suna haɗiyar yawu. Da suka gaji da wannan, sai suka ce a yi musu rawa. Da rawa ta gundure su, sai suka ce kuka suke so, kuma baƙon ya san yadda ake samo kuka. Duk idon da ya tashi daga huji ba ya tafiya haka nan. Wani ya tafi da dariyar yaron, wani ya tafi da barcinsa, wata ta ƙulle muryarsa a bakin zane. Da damina ta sauka aka buɗe ƙofa, yaro ya fito ya yi ɓulɓul, ya koma gidansu. Amma duk inda ya zauna sai ya juya yana duban bango. A kasuwa mutanen da bai sani ba suna tare shi, suna cewa ya ɗan maimaita musu kukan nan na rannan. Daga ƙarshe ya kwaɓa laka, ya shiga ɗakin uwarsa, ya toshe kowace kafa, har ƙofar.

"Har yau tana ciki," Dada ta ce a hankali. "Yana jin ana leƙe."

Ni tambayata kullum ita ce wane irin ƙarfe ne ya huda bangon. Ma'u kuma tana son ta ji ko naman kullum ake bayarwa. Wani dare na tambayi inda dodon yake, tunda kowace tatsuniyar tsoro da nata.

"Wannan babu dodo, Maigida. Mutanen gari ne kawai."

"To wanda ya huda shi ne ya shiga, ko su biyu ne? Mace ce ko namiji?"

"A bakinmu na Fulani, mace da namiji duk o ne," ta ce, tana juya masara. "Ku Hausawa ne kuka raba. Ni o na sani."

Muka yi dariya, amma a daren nan sai da na juya wa bango baya kafin na iya barci.

Dada ta rasu ina sakandare. Na shiga jami'a ina karatun kwamfuta, kuma abin da ya fi jan hankalina ba rubuta manhaja ba ne, cikin na'urar ne. Ka ba ni mataccen laftof da sukundireba, ka gama da ni ranar. Bayan wannan ba ni da wata jaraba sai shirye-shiryen nan da ake tara mutane a gida ɗaya ana ɗaukarsu dare da rana, masu kallo suna zaɓen wanda za a kora. Ni da Ma'u mun ƙona data ba kaɗan ba a kansu. Ita tana bin faɗa da gulma, ni ina lissafin inda aka maƙala kyamarar da ta ɗauko wannan kusurwa. Ban taɓa jin tausayin kowa a ciki ba.

Bara ina aikin sanin makama a wani shagon gyara a Bolari, sai wasu matasa suka shirya irin wannan shiri na gida, don sakawa a intanet. 'Yan mata zalla, gasar girki da sana'a, a wani gida da suka kama a Barunde. Ma'u ta nema, aka ɗauke ta, Umma ta yarda da ƙyar. Shagonmu aka bai wa aikin kyamarori, ni kuma aka tura. Na yi murna har kunya ta kama ni. Na huda silin, na ja wayoyi, na sa ido a falo, a kicin, a tsakar gida, kowanne da jan haskensa mai nuna yana aiki.

Ranar ƙarshe shugaban shirin ya ja ni ɗakin kwanan 'yan matan. Ya miƙo mini wata kyamara da ba ta fi ƙwayar wake ba.

"Injiniya, wannan a cikin soket za ta zauna. Ka cire mata hasken."

"Ai an ce ɗakin kwana babu."

"Don tsaro ne kawai. Ba za a saka a shiri ba."

Na ce ba zan iya ba, na tattara kayana. Bai yi musu ba, ya dai yi murmushi ya mayar da ita aljihu, kuma wannan murmushin ya fi faɗa tayar mini da hankali. A Bolari masu riƙe sukundireba ba su da iyaka.

Na gaya wa Umma, na gaya wa Ma'u. Shugaban shirin ya zo har gida ya yi rantsuwa cewa bai sa ta ba, ya ce in je in duba da kaina. Na je, na kwance soket, na leƙa fanka da bayan labule, ban ga komai ba. Rashin ganin bai kwantar mini da rai ba, domin na san girman abin da nake nema.

"Yaya, ka cika tsoro wallahi," Ma'u ta ce tana haɗa jaka. "Ka duba, babu. To me kuma?"

Ta shiga. Gidanmu kaf aka taru kan waya ɗaya ana kallonta ta kyamarorin da na ɗaura da hannuna. An ga girkinta, an ga dariyarta. Da kallo ya fara ja baya, sai aka haɗa ta faɗa da wata, aka nuna ta tana kuka a bayan kicin, kusa sosai, ta idon da na sa saman tagar don na ga wurin yana da haske mai kyau. Wannan guntun ya zagaya Gombe. A lokacin ne na daina ganin kuskuren Hausa a maganar Dada. Na girma ina ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce ga mai son a kalle shi, wato ta Ma'u ce, ni ɗan sauraro ne. Ashe mai ƙarfen da mai zaman ɗakin a murhu ɗaya suka ji ta, kowa yana tambayar abin da zai kai shi.

An kori Ma'u a mako na uku. Yanzu tana gida, tana zuwa makaranta, tana ci tana sha. Sai dai ta liƙe idon wayarta da salatif, ta cusa tsumma a soket ɗin ɗakinta, kuma a duhu take canza kaya. Wata guda bayan fitowarta wani saƙo ya shigo mata daga lambar da ba ta sani ba. Babu hoto, babu barazana. An dai faɗi launin rigar barcinta.

Shugaban shirin ya rantse cewa duk abin da aka ɗauka an goge shi, har ya nuna wa Baba kwamfutar babu komai. Baba ya ce alhamdulillahi. Ni hankalina bai kwanta ba, domin a shago aikina ne dawo wa mutane da hotunan da suka goge shekara da shekaru.

Jiya da la'asar ina zaune da wata ma'ajiyar kwamfuta a hannu, Ma'u ta zo ta tsaya a kaina. Ta daɗe tana kallon ƙarfen.

"Yaya, kai ka karanta. Abin da aka goge a cikin wannan, yana gogewa da gaske?"

Na ce mata ya danganta. Ta gyaɗa kai, ta ce ta gane, ta koma ɗaki ta ja ƙofa.