Takalmin da Uwar Ragi Ta Bari a Kwando

Kafintan ƙarshen layi ya tsufa tare da matar da unguwa ke kira Uwar Ragi, kuma bai taɓa ganin ta sayi ko allura a kuɗin da aka fara faɗa mata ba. Dabararta ɗaya ce. Ta ɗaga abu, ta taɓe baki, ta ajiye, ta kama hanya a hankali, kunnenta a baya. Kafin ta kai bakin titi mai kaya ya biyo ta yana haki. Shi kansa Kafinta sai da ta juya masa baya haka kafin ta yarda da aurensa, kuma har ta bar duniya tana cewa ta yi saurin waiwayowa.

Da autarsu ta saya mata waya, ta nuna mata shagon intanet, hali bai sake ba. Ta hango wani baƙin takalmi mai kaurin ƙasa, wanda ƙusa ba za ta huda ba, don mutumin nata da silifa yake aiki, ga taurin kai, kullum da ɗingishi yake dawowa. Ta jefa takalmin a kwandon shagon, ta taɓe baki, ta rufe. Washegari ta buɗe wajen labarai, sai ga takalmi a gefe. Ta leƙa wani wuri, ga shi nan. Ta kai wa Kafinta wayar har bakin hanci, wai ya gani da idonsa, masu shagon sun biyo ta, saura su sauko da kuɗin.

Ba su sauko ba ta kwanta ciwo, kwanciyar da ba ta tashi ba.

Wayar ta koma hannun Kafinta, wanda yatsunsa ba su san komai ba sai zarto. Duk inda ya taɓa, takalmin na biye da shi. Sai ya jingine ta kan benci, ya hure mata garin katako, ya ci gaba da aiki kamar mai baƙo a shago.

Auta ta ga wayar ta yi nauyi, ta ja shi wurin mai gyara a share tarkacen ciki. Har mai gyara ya ɗaga yatsa, Kafinta ya tambaya ko takalmin zai tsaya. Mai gyara ya yi dariya, ya ce ai ba mutum ke bin kowa ba. Duk shafin da ka shiga yana liƙa wa waya wata 'yar alama da ake kira kukis, kamar yadda ake yi wa katako shaida da fensir. Da ita yake gane ka in ka dawo, ya tuna abin da ka bari a kwando, masu talla kuma su yi ta bin ka da shi. In an share, shagon zai ɗauke su baƙi. Ko ba a share ba ma, in aka daɗe ba a leƙa ba, takan ɓace da kanta.

Kafinta ya miƙa hannu ya karɓe wayar. "Bar ta da nauyinta."

"To Baba, in saya maka takalmin mana, kowa ya huta."

"A kuɗin farko? Ke dai ba ki ɗauko komai na uwarki ba sai hanci."

Tun daga ranar, kafin ya ɗauki guduma da safe sai ya buɗe shagon intanet ɗin a wayar, ya duba kwandon, ya rufe, don kada su manta da ita. Mutumin da bai iya taya ko albasa ba, wanda matarsa ta hana zuwa kasuwa saboda kunyar da yake ja mata.

Ana nan, rannan Auta ta faɗo shagon Kafinta da murna, wai an yi ragi, sun sauko, Mama ta ci ciniki. Kafinta ya goge hannu a riga, ya daɗe yana kallon takalmin zaune a kwando inda matarsa ta ajiye shi. In an saya, kwandon ya zama fanko, ba sauran mai biyowa.

Ya taɓe baki. Bai ma iya taɓewar ba, Allah sarki.

"Ba su kai inda take so ba," in ji shi. Ya rufe wayar, ya ja silifansa ya koma kan benci.