Kwamfutar Kebbe da ta daina kai ƙara

Ana idar da sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da direba da wani abokin aikina, ga sabuwar kwamfuta a bayan mota an naɗe ta da bargo. Tun daga tashi raina a ɓace yake, domin don Kebbe aka sayo ta, amma Tambuwal aka ce mu kai.

Ga yadda abin yake. Muna kula da ɗakunan kwamfuta na wasu makarantu, inda ɗalibai ke gwajin jarrabawar shiga jami'a. Kowace kwamfuta, in zuciyar manhajarta da muke ce wa kanel ta sanƙare ko ta hango matsala, da kanta take aiko rahoto ofis. Babbar kwamfutar Kebbe, wadda duk ƙananan suka dogara da ita, ta yi watanni tana aikowa, yau faɗuwa, gobe gargaɗi. Na karanta rahotannin, na ga allon cikinta ne ke mutuwa, ba gyara sai canji. Na yi ta naci har aka sayo sabuwa. Kwatsam sai rahoto ya ɗauke. Tsarinmu kuwa, in ya ji shiru na ɗan lokaci sai ya rubuta an warke, ya rufe maganar. Oga ya ce to madalla, a ba Tambuwal.

Hanya dai ba laifi. Wajen Jabo gero ya yi kai, dawa ta sha ruwa, abin sha'awa ga wanda ransa ke sake. A Tambuwal muka karya da kunu da ƙosai, ƙosan da tsadar mai ta mayar kamar goro. Muka haɗa kwamfutar, shugaban makarantar ya yi ta godiya, alhali tasu tsohuwar nauyi kawai take yi.

Na ce ni sai na ƙarasa Kebbe na ga yadda ƙarfe ya warkar da kansa. Direba ya ce motarsa ba ta shiga hanyar Kebbe da damina, ko da wa ya aiko shi. Muka hau baburan kabu-kabu. Kai jama'a! Rami, taɓo, shanu sun tare hanya, mai su ko a jikinsa. Kafin mu isa, ƙuguna ya gaya mini.

Malamin da ke riƙe da ɗakin dattijo ne mai kara. Ya tarbe mu da fura da nono mai sanyi. Na tambayi kwamfuta, ya ce lafiya lau. Na ce a buɗe mini. Na tarar da ita an lulluɓe da zane, ƙura ta rufe kujerun ɗalibai, modem ɗin da ke haɗa ta da intanet kuma an cire an ajiye a durowa.

“Malam, wa ya cire wannan?”

Ya sunkuyar da kai. “Ni na, Injiniya. Oganku yak kira ni, yac ce na'urarmu ta ishe ku da ƙara, kullum Kebbe, kullum Kebbe. Kyauta anka ba mu abin ga. Sai mu zan masu damun mutane? Kunya nij ji.”

Na san wannan wayar. A gabana aka yi ta, oga yana dariya, shi a wurinsa wasa ne. Dattijon nan kuwa ya ɗauka faɗa aka yi masa, ya toshe wa na'ura baki don kada a ce Kebbe ba su da godiya. Bayan nan ta faɗi ba ta ƙara tashi sosai ba. Ɗalibansa a allo yake zana musu yadda ake danna amsa, ga jarrabawa na nan tafe, ga kuɗin sayen kaya na bana an rufe.

Na kasa gaya masa tasa ce muka sauke a Tambuwal da safe. Wallahi na kasa. Na mayar da modem, na lallaɓa ta ta tashi na ɗan lokaci, ta kwararo duk rahotannin da suka maƙale mata, ta sake mutuwa. Ya raka mu har bakin hanya yana ba mu haƙurin wahalar da muka sha.

Mun iso gida bayan la'asar, jiki duk laka. Abin da tafiyar nan ta koya mini, tsarin da ke lissafa shiru a matsayin lafiya, masu kunya yake fara cuta, mu kuwa a ƙasarmu su ne suka fi yawa.

Washegari na shiga ofis, Kebbe ta koma saman jerin masu matsala, ta yi jajir. Oga ya ɗago ya dube ni ya ce, “Wai kai me ka je ka taɓa musu ne?”