Lorene da Jifan Ranar Lahadi

Ni da Lorene Vandermolen shinge ɗaya ya raba mu tun muna amare, har ga shi yau kowaccenmu ta binne mijinta. Ni ce Marlys, mai yagar tikiti a ƙofar filin besbol, wasan ƙwallo da kulki, na garinmu. In ana neman wanda zai faɗi aibin Lorene, to a zo wurina, na san su kaf. Taurin kai gare ta, ba ta iya karɓar kyauta ba, ga zabga gishiri a abinci kamar da gayya. Sai dai duk jihar Iowa ban san mace mai faɗin zuciyarta ba.

Ƙungiyarmu ƙarama ce, irin wadda manyan ƙungiyoyi ke turo wa samari su ga kamun ludayinsu. Albashin yaran bai taka kara ya karya ba, don haka duk bazara mutanen gari kan ba su ɗaki kyauta. Lorene ta fara ne a shekarar da likita ya gaya musu ita da mijinta Gerrit cewa ba za su haihu ba. Ta yi kukanta ta share hawaye, ta fitar da gadon jariri daga ɗakin da ta riga ta yi wa fenti, ta sa dogon gado, ta tafi ofishin ƙungiya ta ce a ba ta yaro guda. Tun daga ranar ɗakin nan bai sake kwana babu kowa da bazara ba. Ta yi musu wanki, ta kai su asibiti, ta raka wasu tashar mota suna kuka bayan an sallame su. Dukansu Mama suke ce mata.

Gerrit ya yi wasan a ƙuruciyarsa, shi ya koya mata dokokin da ba a rubuta su ko'ina ba amma kowa ya san su. Babbarsu ita ce, in ka maka wa ƙwallo kulki ta tsallake katangar fili, sai ka ajiye kulkin, ka sunkuyar da kai, ka zagaya ka koma benci. Ba tsayawa kallon ƙwallo, ba rawa, ba wurga kulki sama. Wanda ya jefo maka ƙwallon ya riga ya ji kunya, ba sai ka ƙara masa ba. In kuwa ka yi, to ranar da kuka sake haɗuwa ba kulkinka zai auna ba, jikinka zai auna. Ƙwallon nan kuma tauri gare ta kamar dutse.

Rabin dokar na farko Lorene ta riƙe shi hannu bibbiyu. Da hunturu in muna kallon ƙwallon nan tamu ta runguma a ruga, wani ƙato ya ci ya kama karairaya a gaban kyamara, sai ta yi tsaki ta ce, "Ji wannan, ko kunyar uwarsa ba ya ji." Rabi na biyun ne ba ta taɓa yarda da shi ba, kuma tana da dalili. Akwai wani yaronta Wendell, can shekarun baya, da ya ɗan tsaya kallon ƙwallonsa. Washegari aka rama, jifan ya kauce ya same shi a ido. Ita ta yi jinyarsa a ɗakin nan har ya koma garinsu da ido ɗaya, bai sake riƙe kulki ba. Gerrit ya ce haka wasan ya gada. Ta daɗe ba ta zuba masa kofi da hannunta ba.

Bazarar da nake son ba da labari, Gerrit ya riga ya rasu. Yaron da ke ɗakin a shekarar da ta gabace ta Dalton Hruska ne, wani dogon ɗan manoma daga Nebraska, mai jifa. Ƙarfin hannu kam Allah ya ba shi, saiti ne babu. In ya auna gabas, mu da ke yamma sai mu duƙa. Yaro ne mai kunya, in ya ce maka kalma biyar a yini to ranar ya yi surutu. Da shekara ta zagayo aka mayar da shi wata ƙungiya da ke gangaren kogi, aka kawo wa Lorene Eliezer Peguero daga Jamhuriyar Dominika.

Eliezer kuwa ko goge haƙori yake yi sai ya yi waƙa. Shi ya sa Lorene ta koyi dafa shinkafa da wake da tsufanta, ya kuma ce mata gishirinta daidai ne, ƙaryar da ta sa ta ƙaunace shi nan take. Amma wasa ya ƙi shi a watan farko. Bugunsa ya ƙi shiga, har aka fara raɗe-raɗin za a mayar da shi gida, waƙar ma ta ɗauke daga gidan.

Ranar wata Juma'a 'yan gangaren kogi suka zo mana wasan kwana uku. Can wajen ƙarshe aka sako Dalton ya yi jifa, Eliezer ne da bugu. Ƙwallo ta farko ya maka mata kulki, ta tsallake katanga, ta tsallake wurin ajiye motoci. Sai yaron nan ya tsaya ƙyam yana kallonta, ya wurga kulkin sama yana juyi, ya daki ƙirji, ya zagaya fili yana rangaji. Jama'a suka ɗauki ihu, ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Da na waiga sai na ga Lorene zaune, hannunta a baki. Ta san Dalton zai sake jifa ranar Lahadi, ta kuma san irin saitinsa.

Asabar da hantsi ta ƙwanƙwasa mini taga. "Ke Marlys, zo ki taya ni ɓare masara, ina da baƙi."

"Su wa?"

"Su biyun."

"Lorene, kin haukace? 'Yan ƙungiya biyu a tebur ɗaya ana tsakiyar wasa?"

"Teburina ne. Ɗauko wuƙarki, tawa ta dakushe."

Dalton ya zo da hularsa a hannu, ya sumbace ta a kumatu, ya zauna bai dubi Eliezer ba. Aka zuba nama da dankali da masara da man shanu. Lorene ta bari suka yi nisa, don ta ce namiji mai yunwa ba ya jin magana, sannan ta ajiye cokalinta.

"Dalton, gobe za ka jefe shi?"

Kunnuwansa suka yi ja. "Mama, ba a tambayar wannan."

"A gidan nan ana tambaya."

Ya juya masara a faranti. "Ba wanda ya ce in yi. Ba sai an ce ba. Tun jiya ba mai yi mini magana a ɗakin sa kaya, jira kawai suke."

Eliezer ya buɗe hannuwa. "Ɗan'uwa, me na yi maka? Wata guda ban taɓa ƙwallo ba! A garinmu in ka yi irin wannan dukan ka sunkuyar da kai, sai a bi ka gida a tambaya wa ya mutu. Uwata tana kallo a waya, ita da duk unguwarmu. Ita na yi wa, wallahi ko tunaninka ban yi ba."

"Na sani," in ji Dalton. "Ni ma babana yana wurin. Tun asuba ya taso daga Nebraska, ya bar girbi. Bai taɓa ganina ina jifa a matsayin ɗan wasan albashi ba sai jiya."

Eliezer ya ce a hankali, "Me ya ce maka?"

"Ya ce hannuna ya yi kyau. Ya shiga mota ya koma."

Tausayinsu ya kama ni su duka, har na ji haushin ihun da na yi. Lorene ta miƙa hannu ta dafa na Dalton.

"Ɗan nan, ka bar shi. Don ni."

"Mama, in ban yi ba wani zai yi. Akwai wanda ya fi ni ƙarfin jifa, kuma shi da fushi zai yi, sama zai auna. Gara ni."

Lorene ta san gaskiya ya faɗa. Shekarun da na yi da ita ban taɓa ganin ta tsufa a gabana kamar wannan lokacin ba.

Sai Eliezer ya miƙe, ya juya mana baya, ya ɗaɗa wa mazaunansa duka. "To ga wuri. Nan za ka sa ta. Shinkafar Mama ta tara nama a nan, ko ji ba zan yi ba."

"Zauna, mara kunya, ana cin abinci," in ji Lorene.

Dalton bai yi dariya ba. "Ka san ba na samun inda na auna."

"To tashi mu je ka koya."

Abin da ya biyo baya da idona na gani, a bayan gida. Suka ɗauko matashin kujerar falo, suka ɗaure shi a jikin bishiyar tuffa daidai ƙugun Eliezer. Dalton ya ja baya yana jifa, Eliezer yana tsinto masa ƙwallo yana yi masa koci a kan yadda zai jefe shi gobe.

"Ƙasa, ɗan manoma, ƙasa! Wannan ai haƙorana ka zubar!"

"Rufe mini baki."

"Wannan kuma tsuntsu kake hari? Ka tausaya mini, ko aure ban yi ba!"

Ɗaya ta tsallake shinge ta kashe mini tumatir, na fito na zazzaga musu masifa, suka ba ni haƙuri baki ɗaya kamar 'yan firamare. Wasu sun sami matashin. Da yawa sun wuce ta sama, daidai inda kan mutum zai kasance. Lorene tana tsaye a tagar kicin tana wanke faranti ɗaya har suka gama.

Lahadi daga coci ta wuce fili da kayan cocinta. Na roƙi wata ta riƙe mini ƙofa, na je na zauna kusa da ita a kujerarta ta kullum, bayan raga, daf da inda mai bugu ke tsayawa. Rana ta take. Ba ta sayi komai ba, ba ta gaisa da kowa ba.

Wajen ƙarshen wasa aka kira Dalton. Filin ya ɗauka, don mutanen garinmu ba yara ba ne, kowa ya san abin da ke tafe. Eliezer ya fito yana jan kulki, ya danna hular kwanonsa, ya gyara tsayuwa. Na lura ya ɗan juya ƙugu fiye da yadda ya saba. Dalton ya daɗe yana murza ƙwallon a hannu. Lorene ta damƙe wuyan hannuna har farcenta ya shiga, ta runtse ido.

Ya ɗaga ƙafa ya saki.

Wanda ya daɗe a bayan ragar nan ya san ƙarar ƙwallo a kan hular kwano ko ƙashi, ƙara ce mai kaifi da ke tsaya wa mutum a ciki. Wannan ba ita ba ce. Tim muka ji, kamar an jefar da buhun gari. Lorene ba ta buɗe ido ba ta ce, "Nama ne, Marlys. Nama ne ko?"

"Nama ne," na ce. "Tsakiyar mazaunai."

Eliezer ya yi tsalle ɗaya, ya cije leɓe. Sai ya sunkuya ya ajiye kulkin a ƙasa a hankali, ya nufi zangon farko, inda ake tura wanda jifa ya sama, yana ɗingishi, bai ko kalli mai jifa ba. 'Yan bencinmu da suka yunƙuro za su yi faɗa suka ga wanda aka jefa bai nemi rigima ba, suka koma suka zauna. Alƙalin wasa ya nuna wa Dalton hanyar waje.

Dalton ya taho kansa a ƙasa, filin gaba ɗaya na yi masa ihu, ana zaginsa, wani har da jefo kofin takarda. A cikin wannan hayaniya Lorene ta saki hannuna, ta dafa kujera ta miƙe, hawaye na bin kumatunta, ta kama tafi ita kaɗai. Tafi sosai, hannuwa sama, yadda zai gani. Da ya zo wucewa ta gaban raga bai ɗago ba, sai dai ya kai yatsa ya taɓa bakin hularsa.

Wani mai kantin kayan gini da ke bayanmu ya leƙo. "Haba Lorene! Yaronki fa ya jefa, kike tafa masa?"

Ba ta daina ba, ba ta ma waiwaya ba. Ta ce, "Shi ma ni na ciyar da shi."