Motar Baffa Sale Mai Ƙafa Goma

Ranar wata Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci, a daminar da na shiga aji biyar na firamare, muka ji wani irin hon da ya tarwatsa kajin unguwarmu a Haɗeja. Muka watsar da wasan langa muka ruga ƙofar gida. Baffa Sale ne, ƙanin babanmu, ya dawo daga Kano a cikin wata zungureriyar mota, ya zuro hannu ta taga yana ɗaga wa mutane kamar wanda ya ci zaɓe. Kai kawai gare ta, fari fes, daga nan sai doguwar shasi tsirara a kan tayoyi, babu inda za a aza ko kwando. Haka dama ake yi, a sayo kai da shasi, sannan a kai wa kafintoci su ɗora bodin katako. Abin da ya ɗaure wa manya kai shi ne tsawonta, da yadda cikinta ya kusa shafar ƙasa.

Ba ita aka aike shi ya sayo ba. Muna da gonar shinkafa a fadama ta wajen Auyo, gadon kakanmu da Baba da Baffa ba su raba ba, ita ke ci da gidan gaba ɗaya. A can na koyi korar tsuntsaye da gwangwani da majajjawa, a can muke jefa fatsa mu gasa 'yan karfasa, mu dawo da ƙafafu duk faso. Wahalarmu ɗaya ce kowace kaka, fito da buhuna daga fadama a amalanke, sawu bayan sawu. Shi ya sa Baba ya sayar da bijimanmu na huɗa, aka haɗa da ribar shinkafar bara, aka ce Baffa ya samo gajeriyar mota mai ƙafa shida, mai tsayin ciki, wadda za ta kutsa taɓo. An zaɓe shi ne don ya taɓa yin yaron mota, kuma tun daga nan ba a ƙara yin zancen inji a gabansa ya bar wani ya yi magana ba.

Baba ya zagaya motar, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashinta. Can ya ce, "Sale, wannan za ta shiga fadama kuwa?" Baffa ya bushe da dariya ya ce, "Haba Yaya, ƙafa goma ce fa. Ta Alhajin Kafin Hausa shida ce kacal." Ashe iyakar lissafinsa ke nan. Wannan Alhajin shi ne maigidan da ya taɓa sallamarsa daga aiki, shi yake son ya nuna wa. Bai tuna hanyar da motar za ta bi ba, ya ƙirga tayoyi, ya danna hon ya ji daɗin ƙararsa, ya biya. Ko mai sayen jaki yakan buɗe bakinsa ya duba haƙora.

Kuɗin bodi ma duk ya tafi a wajen sayen, don haka motar ta zauna a ƙofar gida tsirara har aka gama girbi. Mu yara muka samu wurin wasa, muna jeruwa a kan shasi muna tuƙi da baki har Legas. Matan gida suka mayar da ita wurin shanya, kazar maƙwabta ta yi ƙwai a tsakanin tayoyi. Shi kuwa gogan kullum da safe sai ya wanke kan motar da ruwan da mu muka ɗebo, ya goge madubi, ya hakimce a ciki yana jin rediyo. Kakarmu Iya in ta leƙo takan taɓe baki ta ce, "Ba girin-girin ba dai, ta yi mai." Shinkafar wannan shekarar a amalanken haya ta fito.

Daga nan Baffa ya matsa a jinginar da gonar a yi bodi, wai kaka ɗaya ta isa a fanshe ta. Baba ya ƙi. Baffa ya ce to a raba gado. Baba mutum ne mai gudun abin kunya, ya gwammace komai da a ji shi da ƙaninsa a gaban alƙali, ya yarda a jinginar, bisa sharaɗin mu ci gaba da noma ta shekara guda. Aka ɗora bodi mai tsayi, aka sha fenti, Baffa ya sa aka rubuta sunansa a baya da manyan baƙaƙe.

Da kaka ta zagayo motar ta shiga fadama fanko, da ƙyar da turi. Aka loda mata shinkafar gidanmu kaf, don Baffa ya ce abin kunya ne mota irin wannan ta yi sawu biyu. A wani mashigi mai ciyawar kacala cikinta ya zauna daram a ƙasa, ƙafa goman nan suna ta juyawa a banza suna watsa mana taɓo. Kafin a samo amalanke a sauke, ruwan ƙarshen damina ya sauko ya kwana yana zuba, ga babu tamfol. Shinkafar ta jiƙe, wata ta tsiro a buhu, wata ta yi baƙi. Baffa ya tsaya a bakin ruwa da tsabtatacciyar rigarsa yana rantsuwa wai asiri Alhajin Kafin Hausa ya yi masa. Ranar na raina shi, kuma ban daina ba.

Ba a fanshi gonar ba. Motar aka sayar wa wani mai jigila a kan kwalta, aka ce lafiya lau ta yi masa aiki. Baba bai ƙara ambaton fadamar ba har ya rasu, kuma bai ƙara bin hanyar Auyo ba.

Yanzu Baffa ya tsufa, yana nan a majalisa yana ba matasa shawarar irin motar da ta dace su saya, suna gyaɗa kai. Ni kuwa nakan wuce ta fadamar a babur, in ga 'ya'yan wasu suna korar tsuntsaye a inda nake tsayawa, in rage gudu kaɗan. Har yau in na sayi mudun shinkafa a kasuwa, sai na tambayi mai awo ta wace fadama ce.